Watanni Shida a Bakin Aiki: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan SIWES

Duk gidan da yake da ɗa ko 'ya a jami'a, musamman masu karatun injiniya, kimiyya, noma ko kwamfuta, wata rana sai an ji wannan magana: "Baba, zangon nan ba za mu shiga aji ba, IT za mu tafi." Wasu iyayen sukan ɗauka dogon hutu ne aka bai wa yaran. Wasu kuma su ɗauka yaro ya fara aiki, har su rage ɗan abin da suke tura masa. Duka biyun sun yi kuskuren fahimta. Wannan zango yana cikin karatun, ana ba shi maki kamar kowane darasi, kuma ɗalibin da sashensa ya wajabta masa shi ba zai karɓi shaidar digiri ba sai ya yi.

Sunan shirin a hukumance SIWES, ɗalibai kuma IT suke ce masa. Manufarsa ita ce ɗalibi ya bar aji na wani lokaci, ya je inda ake yin aikin da yake karantawa, ya sa hannu a ciki ƙarƙashin wanda ya ƙware, sannan ya dawo ya ƙarasa karatunsa da idon wanda ya ga yadda abin yake. A jami'o'i yawanci watanni shida ne, ana yi a aji uku ga masu digirin shekara huɗu, a aji huɗu ga masu shekara biyar irin injiniyoyi. A kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi kuwa watanni huɗu ne.

Asalin shirin yana komawa farkon shekarun 1970. A 1971 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, wanda hedikwatarsa take Jos. Lokaci ne da aka gama yaƙin basasa, kuɗin man fetur ya fara shigowa, masana'antu suna tashi a Legas da Kaduna da Kano, ana kuma neman 'yan ƙasa da za su karɓi ayyukan da Turawa suke riƙe da su. Sai masu masana'antu suka riƙa kuka da abu ɗaya: ana kawo musu matasa masu kwalin digiri waɗanda suka san lissafin inji a takarda amma ba su taɓa tsayawa gaban injin yana aiki ba. Kamfani sai ya sake kashe kuɗi da lokaci yana horar da su daga farko. Wannan kukan ne ya sa ITF ta ƙirƙiro SIWES a 1973. Da farko ita kaɗai ta ɗauki nauyinsa, nauyin ya yi mata yawa ta janye a 1978, aka miƙa shi ga hukumar kula da jami'o'i, NUC, da hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE. A tsakiyar shekarun 1980 aka mayar wa ITF da gudanarwar, gwamnatin tarayya kuma ta ɗauki biyan kuɗin. Haka abin yake har yau.

Tunanin kansa ya girmi Najeriya a matsayin ƙasa. A 1906 wani malamin injiniya mai suna Herman Schneider ya shawo kan Jami'ar Cincinnati da ke Amurka ta gwada wani tsari da ɗalibai 27. Ya lura cewa ɗaliban da suka fi yin fice bayan kammala karatu su ne waɗanda suka taɓa yin aiki tun suna makaranta. Sai ya haɗa su biyu-biyu: ɗaya yana masana'anta wannan makon, ɗaya yana aji, mako mai zuwa su yi musanya. Jami'ar Northeastern da ke Boston ta bi sahu a 1909. Jami'ar Waterloo ta Kanada, wadda aka kafa a 1957, a kan wannan tsari aka gina ta tun daga tushe: ɗalibi yana yin watanni huɗu a aji, watanni huɗu a wurin aiki ana biyansa albashi, har ya iya tara kusan shekara biyu na aiki kafin ya karɓi digiri. A Jamus kuma, a jihar Baden-Württemberg, manyan kamfanoni irin Daimler-Benz da Bosch ne da kansu suka nemi a buɗe irin wannan karatu a farkon shekarun 1970, inda ɗalibi yake da kwantiragi da kamfani tun ranar da ya shiga makaranta.

Ni a ganina abin lura a waɗannan misalai shi ne maimaitawa. Ɗalibin Schneider yana dawowa aji da tambayar da ta taso masa a masana'anta tun tana da zafi, ya koma masana'anta da amsar da ya samu ya gwada ta. Namu tsarin yawanci sau ɗaya ake fita, a dawo, shi ke nan. Wannan ya sa watannin nan shida suke da tsada ƙwarai, domin idan suka lalace babu na biyu.

To me ake nufi da koyo a bakin aiki? Mu ɗauki ɗalibar injiniyan gine-gine da aka tura wurin da ake gina bene. A aji an koya mata cewa ƙarfin kankare ya dogara da yawan ruwan da aka zuba a kan siminti, idan ruwa ya yi yawa kankare ya yi rauni. Ta haddace, ta rubuta a jarrabawa, ta ci. Ranar zuba dekin sai ta ga leburori suna hawa da kwanon sarki a ka tun safe, rana ta take, kwaɓin ya fara ƙarfi yana wahalar zubawa tsakanin rodi, sai mai kwaɓawa ya ɗauki bokiti ya ƙara ruwa domin aiki ya yi sauri. Babu mugunta a zuciyarsa, sauƙi yake nema wa mutanensa. A nan ne darasin yake zama nata. Za ta ga injiniyan wurin ya dakatar da shi, ya sa a cika ɗan mazubin gwaji da kwaɓin, a ɗaga, a auna yadda ya zube. Za ta ga an ɗebi wani a zuba a ƙananan akwatuna, a ajiye a ruwa, a kai ɗakin gwaji a matse bayan kwana 7 da kwana 28 a ga nauyin da zai ɗauka kafin ya fashe. Za ta kuma koyi abin da babu littafin da ya rubuta: yadda yarinya 'yar shekara ashirin da ɗaya za ta gaya wa magini sa'an mahaifinta cewa a rage ruwa, ba tare da ta ci masa fuska a gaban yaransa ba. "Baba, don Allah a ɗan dakata da ruwan nan, oga ya ce a auna tukuna." Wannan jimla ɗaya ilimi ce, kuma sai a wurin ake samunta.

Amma ganin abu kaɗai bai isa ba, kuma nan ne mutane da yawa suke tsayawa. Malamin falsafar nan na Amurka, John Dewey, ya yi gargaɗi a wani littafinsa na 1938 cewa ba kowane abu da mutum ya shiga yake karantar da shi ba, wani ma ɓata shi yake yi. Ɗalibin da ya yi wata shida yana kallon ana rage siminti ana sayarwa, babu wanda ya ce masa komai, ya koyi wani abu, sai dai mugun abu ne. A 1984 wani masani, David Kolb, ya tsara yadda koyon yake tafiya idan ya yi kyau. Mutum ya yi aikin da hannunsa. Ya zauna ya yi tunanin abin da ya faru da dalilinsa. Ya haɗa shi da ƙa'idar da ya sani har ya fitar da fahimta. Sannan ya koma ya gwada fahimtar a aiki na gaba. Idan aka cire zaman tunanin nan, abin da ya rage wahala ce kawai.

Wannan ne dalilin littafin da ake bai wa kowane ɗalibi kafin ya tafi, wanda suke kira logbuk. A cikinsa zai rubuta abin da ya yi kowace rana, ya zana abin da ya gani, mai kula da shi a wurin aiki ya duba ya sa hannu a ƙarshen mako. Malami daga jami'a ya kamata ya ziyarce shi a wurin, ya gan shi a bakin aiki, ya tattauna da mai kula da shi. Jami'an ITF su ma suna da hannu a dubawa da sa hatimi. Idan ya dawo zai rubuta rahoto, ya tsaya gaban malaman sashensa ya yi bayani, su yi masa tambayoyi. A takarda tsarin ya cika, duk matakan Kolb suna ciki.

A zahiri kuwa, kowa da ya ratsa jami'a a ƙasar nan ya san yadda abin yakan kasance. Ga ɗalibin kwamfuta da ya yi yawo da takardar neman gurbi ofis-ofis, daga ƙarshe wani kawunsa ya sama masa wuri a wata ma'aikata. Ranar farko aka nuna masa benci a bakin ƙofa. Aikinsa kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, buga fotokwafi, sayo wa oga abincin rana. Kwamfutar da take ofishin an rufe ta da ƙyalle, ba a barin kowa ya taɓa. Bayan mako uku aka ce masa ba sai ya riƙa zuwa kullum ba, ya dawo ƙarshen wata a sa masa hannu. Ana saura kwanaki a koma makaranta ya ari logbuk ɗin abokinsa ya zauna dare biyu ya cike shafukan wata shida, yana canza biro domin kada a gane. Malamin da ya kamata ya ziyarce shi bai zo ba, domin an ba shi ɗalibai da yawa a garuruwa daban-daban, kuɗin tafiyar kuma bai fito ba. Yaron ya samu maki mai kyau. Abin yana ba ni takaici, domin wannan yaro bai yi ƙarya don lalaci ba, ya tafi da niyyar koyo aka rufe masa ƙofa, sannan aka nuna masa cewa sa hannu da hatimi sun fi aikin muhimmanci. Wannan darasin zai bi shi har ofishin da zai riƙe wata rana.

Dalilan suna da yawa, amma babba a cikinsu shi ne lissafi. An tsara SIWES lokacin da jami'o'in ƙasar nan ba su kai goma ba, masana'antu kuma suna neman hannu. Yau jami'o'i sun haura 200, ban da kwalejoji, masana'antun kuma sun ragu, musamman a Arewa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, da sauran masaƙun Kakuri da suka riƙa ɗaukar dubban ma'aikata, yawancinsu sun rufe. A Kano duk wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa da Challawa zai ga gine-ginen masana'antu da suka koma rumbunan ajiye kaya. Rashin wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha sun yi musu illa. Waɗanda suka rage, irin kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka, da tashoshin wutar Kainji da Shiroro, da kamfanonin sadarwa, ba za su iya ɗaukar kowa ba. Sai gurbi ya koma hannun wanda ya san wani. Ɗan talakan da ya fito daga ƙauye, wanda ya fi kowa buƙatar wannan dama, shi ne yakan ƙare a benci.

Akwai kuma maganar kuɗi. Gwamnati ta tanadi ɗan alawus ga ɗalibai, amma bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa sai an gama an koma makaranta kafin ya fito. Doka ba ta tilasta wa kamfani biyan ɗalibi albashi ba, wasu suna ba da kuɗin mota don kyautatawa, wasu ba sa bayarwa. Saboda haka ɗalibi yakan zaɓi wurin da ya fi kusa da gida ko gidan ɗan'uwa, ko da ba ya da alaƙa da karatunsa. Iyaye su san wannan tun da wuri: zangon IT yakan fi zangon aji cin kuɗi, saboda kuɗin mota na kullum da abinci, wani lokaci da haya. Ga 'ya mace kuma akwai ƙarin abin dubawa, wato inda za ta zauna da irin mutanen da za ta yi aiki a ƙarƙashinsu. Ya dace ta san tun kafin ta tafi cewa akwai ofishin SIWES a makarantarta da za ta kai ƙara idan wani ya nemi ya yi amfani da sa hannunsa ya matsa mata, kuma ana iya canza mata wuri.

Abin da yake ba ni ƙwarin gwiwa shi ne mun riga mun san yadda ake yin abin da kyau, a cikin jami'o'inmu ɗin nan. Ɗalibin likita yana shafe shekarun ƙarshe na karatunsa a asibitin koyarwa, yana bin manyan likitoci zagayen marasa lafiya, ana tambayarsa a gaban gado, sannan bayan ya gama ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin kulawa kafin a ba shi cikakken lasisi. Ɗalibin lauya a makarantar horar da lauyoyi, wadda take da reshe a Bagauda, ana tura shi kotu da ofishin lauyoyi. Mai karatun koyarwa yana tsayawa gaban aji malaminsa na zaune a baya yana rubutu. Masu karatun noma suna da shekara guda ta aikin gona. Me ya sa na likitoci ya fi tsayawa da ƙafarsa? Domin wurin aikin da wurin karatun a haɗe suke, mai koyarwar shi ne mai aikin, kuma kowa ya san sakaci zai iya cin rai. Babu wanda zai yarda a sa wa ɗalibin likita hannu a kan tiyatar da bai halarta ba. Injiniyan da zai gina gada shi ma rayuka ne a hannunsa.

Sannan ya kamata mu sake duba abin da muke kira wurin aiki. Idan manyan masana'antu sun ragu, aiki bai ƙare ba, ya koma wasu wurare ne. A kasuwar Panteka ta Kaduna akwai maƙera da masu walda da suke ƙera injin niƙa da injin casar shinkafa da hannunsu. A Ƙofar Ruwa ta Kano akwai mutanen da za su gaya maka ciwon inji daga jin ƙararsa. Akwai kamfanonin sarrafa shinkafa da suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, akwai manoman rani a Kadawa da Kura, akwai masu haɗa wutar sola da suke shiga gida-gida. Ɗalibin injiniya da ya yi wata shida wurin mai ƙera injin casa zai ga yadda ake zaɓen ƙarfe, yadda ake yanke farashi, da abin da yake sa manomi ya dawo da inji yana faɗa. Shi ma yana da abin bayarwa: zai iya zana injin a takarda da ma'auni daidai, ya lissafa ƙarfin da ya kamata, abin da mai sana'ar yake yi da ido da ƙiyasi. Al'adarmu ta koyon sana'a, inda ake kai yaro wurin maigida ya fara da shara da miƙa kayan aiki har ya kai ga a yaye shi, ta ginu ne a kan abin da SIWES ya fi rasawa, wato mutum ɗaya da ya ɗauki yaron a matsayin amana. Sharaɗin dai shi ne jami'a ta san wurin, ta amince da shi, malami kuma ya je ya gani.

Ga ɗalibin da zai fita, neman wuri tun zangon da ya gabata ya fi jiran mako na ƙarshe. Ƙaramin wuri da za a bar ka ka taɓa kayan aiki ya fi babban suna da za a ajiye ka a bakin ƙofa. Kafin ka karɓi gurbi ka tambaya wa zai kula da kai, kuma wane aiki za ka riƙa yi. Ka rubuta logbuk a ranar da ka yi aikin, ka rubuta har abin da ya lalace da dalilin lalacewarsa, domin a nan ilimin ya fi yawa. Ka girmama ƙananan ma'aikata, makaniki da mai kula da inji da mai gadin sito, su ne suka fi sanin inda matsalar wurin take, kuma su ne za su nuna maka idan ka sauke kai. Kamfanoni da dama daga cikin ɗaliban IT suke zaɓen waɗanda za su kira bayan bautar ƙasa, don sun riga sun ga halinsu da zuwansu a kan lokaci. Iyaye kuma idan yaro ya dawo gida da yamma, a tambaye shi me ya yi yau da hannunsa. Idan mako biyu suka wuce amsar ba ta wuce "ba komai" ba, a taimaka masa ya koma ofishin SIWES ya nemi canji tun lokaci bai ƙure ba.

Masu kamfanoni su ma suna da haƙƙi a nan. Doka ta ɗora wa kamfanonin da suka kai wani girma biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu ga ITF duk shekara domin horarwa. Wanda yake biyan wannan kuɗi, kuma yake kukan cewa masu digiri ba su iya aiki ba, bai kamata ya mayar da ɗalibin da aka turo masa ɗan aike ba.

Jami'a kuwa tana da wata dama da ba ta cika amfani da ita ba. Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai suna dawo mata da rahoton abin da suka gani a wuraren aiki: injin da ake amfani da shi yanzu, manhajar da ta maye gurbin wadda ake koyarwa, abin da aka tambaye su suka kasa. Yawanci ana ba da maki a tara rahotannin a kabad ƙura ta rufe su. A ƙarshen 2022 NUC ta fito da sabon tsarin manhajar karatu wanda ya ƙayyade kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Sashen da ya zauna ya karanta rahotannin ɗalibansa na shekara uku, ya kira masu kula da su daga wuraren aiki ya ji ta bakinsu, zai san abin da ya kamata ya zuba a wannan kashi 30 ɗin.